Daga Kafanchan Zuwa Nok Cikin Damina: Laka, Citta Da Fitilun Gaban Direba

Jirgin ƙasa ne ya mai da Kafanchan gari. Kafin a shimfiɗa dogo, ƙauyukan mutanen Fantswam ne a wurin, suna noman acca da dawa da doya a tsakanin duwatsu. Da layin da ya taso daga Fatakwal ya ratso ta Inugu da Makurɗi, ya zo ya haɗu da na Kaduna a shekarar 1927, aka kuma ja wani reshe ya hau zuwa Jos saboda kuza, sai wurin ya zama babbar mararraba. Ma'aikatan reluwe suka taru daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, aka gina musu bariki, kasuwa ta kafu, har a 1933 aka ɗauko fadar Sarkin Jama'a daga tsohon garin Jama'a aka kawo ta nan. Dattawan garin har yanzu sukan ba da labarin zamanin da ake sanin lokaci da kukan jirgi, ba da agogo ba.

Yau tashar tana nan da gine-ginenta da layukanta masu yawa, amma ciyawa ta fi fasinja yawa a cikinta. An ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021, sashen Fatakwal zuwa Aba kuwa ya fara aiki a 2024, sai dai tsakanin Aba da Kafanchan da sauran tafiya. Saboda haka duk abin da kudancin Jihar Kaduna ke nomawa, da duk abin da yake saye, a kan taya yake tafiya. Babbar mota takan tsaya inda kwalta ta tsaya. Daga nan zuwa bakin gona kuwa, aikin babur ne da a-kori-kura.

Wannan ne ya sa da aka tura mu duba gonakin citta a tsakiyar watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, aka ba mu a-kori-kura irin ta zamani mai gida biyu, mai shan gas, wadda ke iya ja da tayoyinta huɗu. Direbanmu dattijo ne, ya fara da yaron mota tun zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya soma haɗa motoci a 1975, lokacin da a-kori-kura ƙirar 404, daga baya kuma 504, suka cika hanyoyin Arewa. Waɗannan motoci sun yi wa manoma aiki ba kaɗan ba, amma da tayoyin baya kaɗai suke ja. In sun kafe, to, babu wata dabara sai ganye da itace da ƙarfin samari. Masu jan taya huɗu a wancan lokaci su ne Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Land Cruiser ta Japan, kuma yawanci a hannun gwamnati da 'yan mishan da malaman dabbobi ake ganinsu. Hilux da ta zama ruwan dare yanzu ta fito ne a 1968, amma sai a 1979 aka yi samfurinta mai jan taya huɗu.

Daga Kaduna zuwa Kafanchan tafiyar kimanin kilomita 200 ce. Mun bi ta Kujama da Kasuwan Magani da Kufana muka isa Kachia, muka karya zuwa Zonkwa. Mai tafiya a wannan hanya da idonsa zai ga ƙasa tana sāke kama. Itatuwa suna ƙara tsawo da duhu, giginya tana ja da baya, kwakwar manja tana bayyana a bakin rafuka, manyan duwatsu baƙaƙe suna leƙowa ta cikin hazo. A duk tsawon wannan tafiya direban bai taɓa wani ɗan maɓalli mai zagaye da ke gefen sitiyari ba. An rubuta masa alamu uku, watau H2 da H4 da L4, kuma kibiyarsa tana kan H2.

Ga mai karatu wanda bai saba da irin wannan mota ba, H2 shi ne tafiyar yau da kullum, inji yana tura tayoyin baya biyu kurum, na gaba suna bi. H4 kuwa yana haɗa tayoyin gaba da na baya su riƙa ja tare, ba tare da an rage wa mota gudu ba. L4 shi ne wanda direbobinmu suka fi sani da giyar taimako ko okzilari: tayoyi huɗu na ja, sa'an nan wani ƙaramin giyabos da ke maƙale a bayan babban yana rage gudu wajen ninki biyu da rabi, ya mai da shi ƙarfi. A motocin da, wata gajeruwar sanda ce kusa da giya ake ja da hannu, wasu ma sai direba ya sauko cikin laka ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba kafin taimako ya kama. Tun daga samfurin 2015 Hilux ta bar sanda ta koma maɓalli, wata ƙaramar mota ta lantarki ke yin aikin da hannu ke yi. Sauƙi ya samu, amma da shi aka rasa wani abu. Mai jan sanda yana jin giya ta shiga a tafin hannunsa. Mai murɗa maɓalli ba ya jin komai, fitilar da ke allon gabansa ce kaɗai za ta gaya masa gaskiya.

A Madakiya, kusa da shiga Kafanchan, muka sauka daga kwalta domin ganin Matsirga. Hanyar jar ƙasa ce, kuma an kwana ana ruwa. Jar ƙasar wannan yanki ba ta cika zurfi ba, amma in ta jiƙe santsi gare ta kamar an zuba kuɓewa. Da bayan motar ya soma karkata gefe, sai direban ya sassauta totur, ya miƙe sitiyari, ya murɗa maɓallin zuwa H4. Wata koriyar fitila mai hoton tayoyi huɗu ta yi ƙifta uku ko huɗu, sa'an nan ta tsaya cak. Sai da ta tsaya ya sāke taka totur. Ya ce da ni duk sirrin yana nan: fitila mai ƙiftawa tana cewa ne an ba da umurni amma haƙoran giya ba su kama ba tukuna, wadda ta tsaya ita ce ke cewa an gama. Littafin Hilux ta zamani ya yarda a shiga H4 mota na tafiya, muddin gudu bai kai kilomita 100 a awa ba, amma ba a yi sa'ad da tayoyin baya ke wulwulawa cikin santsi, don kuwa haƙoran da ke juyawa ba za su haɗu da waɗanda ke tsaye cikin lumana ba.

Matsirga ta cancanci wahalar zuwa. Ruwan ya taso ne daga duwatsun Kagoro, ya zo nan ya faɗo daga kan wani falalen dutse mai tsawon fiye da mita 20 zuwa cikin wani tafki, da ƙara wadda ke hana mutum jin maganar na kusa da shi. Cikin damina ruwan jaja-jaja ne, feshinsa na tashi kamar hayaƙi, in rana ta leƙo sai bakan gizo ya fito a ciki. Ba mu iske kowa ba sai wasu yara masu kiwo da wata mata mai sayar da dafaffiyar gyaɗa. Wuri irin wannan a wata ƙasa da tuni an yi masa hanya da rumfuna.

Abin da Kanikawa Ke Gani

Da muka dawo bakin kwalta direban ya tsaya ya mai da maɓalli H2, ya jira fitilar ta mutu kafin ya hau. Dalilin haka na ji shi filla-filla washegari a garejin wasu kanikawa a Kafanchan, inda na iske wani ƙaramin giyabos a buɗe kan buhu, sarƙar cikinsa ta miƙe, haƙora biyu sun ɓalle.

Mai karatu ya tuna da 'yan makaranta masu fareti. In layi zai sha kwana, na gefen waje sai sun faɗaɗa taku, na ciki kuwa su taƙaita. Haka tayoyin mota suke. Tayar waje tana cin ƙasa fiye da ta ciki, tayoyin gaba kuma suna zagaye mai faɗi fiye da na baya. A tsakiyar kowane aksil akwai wasu giyoyi da aka yi musamman domin su bar tayar dama da ta hagu su yi gudu daban-daban. Amma a yawancin a-kori-kura babu irin wannan tsakanin gaba da baya. Da zarar an sa H4 ko L4, farfelar gaba da ta baya sun zama kamar sanda guda, tilas su juya daidai wa daida. A kan laka ko yashi ba laifi, domin taya takan ɗan zame ta sauke nauyin da ya taru. A kan busasshiyar kwalta kuwa taya ba ta zamewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa yana tara wahala a cikinsa. Alamar farko ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa tana tsalle a kwana. In direba bai kula ba, taya ta cinye, mai ya ƙone a banza, daga ƙarshe wani abu ya karye. Babban bakaniken ya ce mai wannan motar tun daga ƙauye ya manta da taimako a ciki, ya yi ta gudu a kwalta har gari, koriyar fitila na kallonsa yana kallonta.

Akwai kuma wani abin da ke rikita direbobi, watau kowane kamfani da irin rubutunsa. Toyota na rubuta H2 da H4 da L4. Ford Ranger da Isuzu D-Max na rubuta 2H da 4H da 4L, ma'ana ɗaya ce. Amma Mitsubishi L200 mai tsarin da suke kira Super Select tana da matakai huɗu, 2H da 4H da 4HLc da 4LLc, kuma a nan 4H yana da giyoyin tsakiya masu raba gudu tsakanin gaba da baya, saboda haka ana iya tafiya da shi a kan kwalta, musamman in ana ruwa. Sai an kai 4HLc ne ake kulle tsakiyar. To, direban da ya saba da wannan, in an ba shi wata mota ya ga 4H ya ɗauka duk ɗaya ne, ya ɗauko wa maigidansa asara. Wanda kuma ya saba da waccan, in ya shiga laka da L200 ya tsaya a 4H, sai ya yi ta mamakin abin da ya sa ta kasa fita.

Kanikawan sun ce akwai kuma masu cutar da mota ta hanyar ƙin taɓa maɓallin sam. Mota ta shekara a gari ba a sa mata taimako ba, ran da aka bukace shi sai fitila ta yi ta ƙiftawa ba ta tsaya ba, domin ƙaramar motar lantarkin ta daskare, ko laka ta ci wayarta. Littafin Toyota ya ba da shawara a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da tayoyi huɗu kowane wata, don mai ya zagaya kayan gaba. Mutum nawa ne suka taɓa buɗe wannan littafi? Yawancin motocin da ke aikin gona a nan na hannu ne, waɗansu 'yan Kwatano, waɗansu gwanjon ma'aikatu da kamfanoni, littafinsu ya daɗe da ɓata, in ma yana nan da Turanci ne ko Faransanci ko Larabci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da wani yaron gareji ya nuna mini allon wata mota da aka liƙe wa fitila ɗaya da baƙin salatif. Ya ce wasu masu sayar da mota har ƙwan fitilar suke cirewa don kada mai saye ya gani. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce, kuma ya kamata duk mai shirin sayen mota ya riƙe ta: in an murɗa makulli kafin a tayar da inji, fitilun gargaɗi sukan kama gaba ɗaya na ɗan lokaci domin gwaji. Wadda ba ta kama ba a lokacin, a tambayi dalili. Launukan kuwa tsarinsu kusan ɗaya ne a duk duniya. Kore da shuɗi labari ne kurum, cewa abu kaza yana aiki. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, a duba da wuri. Ja kuwa, in ban da na bel da na ƙofa da na birkin hannu waɗanda gyaransu ke hannun direba, cewa yake a nemi gefen hanya a tsaya. Jar fitila mai kama da 'yar buta tana ɗigo, ita ce ta ƙarfin baƙin mai, wanda ya ci gaba da tafiya da ita na 'yan mintoci yana iya rasa inji ɗungum.

Da yamma muka leƙa Kagoro, tafiyar 'yan mintoci daga Kafanchan. Garin yana kwance a gindin wani dogon dutse wanda ya haura mita 1,200 daga doron teku, kansa a lulluɓe da gajimare. Nan ne ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, nan ne kuma marigayi Malam Gwamna Awan ya yi sarauta daga 1945 har zuwa rasuwarsa a 2008, shekara 63 ke nan. Masu hawa dutsen da ƙafa suke hawa, da kaya a kā ko a kafaɗa. Mun ɗan bi wata hanyar gona da ke hawa ta gefen gindinsa, kuma a wajen saukowa ne na ga amfanin L4 wanda ba a cika faɗa ba. Direban ya tsaya cik, ya sa L4, ya sa giya ta ɗaya, ya ɗauke ƙafa daga birki, motar ta riƙa gangarowa a hankali kamar mai tafiya da ƙafa, inji ne ke riƙe da ita. Ya ce mutane suna zaton taimako na hawa ne kaɗai. Ya kuma ƙara da cewa tayoyi huɗu suna taimakon mota ta tashi, amma ba su ƙara mata birki ko kaɗan, wanda ya ga motarsa na tafiya daram cikin santsi ya saki jiki ya ƙara wuta, a kwana zai gane kurensa.

Hanyar Citta

Rana ta uku muka nufi Kwoi ta ƙasar Kagoma. Nan ne cibiyar abin da ya kawo mu. Tun wajen 1927 aka soma noman citta don sayarwa a wannan yanki, yanzu kuwa ƙananan hukumomin Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf su ne ke ba da mafi yawan cittar Nijeriya, wadda ake fita da ita har Turai da Indiya da ƙasashen Larabawa saboda yajinta da yawan manta. Iri biyu aka fi sani, Tafin Giwa mai kauri da ruwan ɗorawa, da Yatsun Biri mai siraran yatsu da duhu. Ana shuka a watan Afrilu ko Mayu, a rufe kunya da ganye, a haƙe daga wajen Nuwamba, a tsaga a shanya a kan duwatsu. Da kuɗin citta ake biyan makaranta, ake rufin kwano, ake aure. A daminar 2023 wata cuta ta naman gwari ta afka wa gonakin, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mafi yawan amfanin shekarar ya salwanta, har Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da kimanin naira biliyan 12. Iri ya yi tsada ƙwarai a shekarar da ta biyo, manoma da yawa suka koma masara da kurkur. Waɗanda suka daure suka sāke shuka citta, da bashi suka yi, kuma kowane buhun taki a wurinsu abin lissafi ne.

Wajen ƙarfe huɗu, a wata hanyar ƙauye da ta ratsa fadama, muka tarar da wata a-kori-kura ta nutse har cibiya. Tana ɗauke da takin wata ƙungiyar mata manoma, buhu talatin, ga matan su shida a tsaye gefe sun ɗaure zane. Irin wannan mota kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, watau buhu ashirin na kilo hamsin-hamsin. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Takin zamani in ya sha ruwa ya tashi daga aiki, ga shi kuma a 'yan shekarun nan ba mai son magariba ta same shi a dajin wannan yanki saboda masu satar mutane. Matuƙin yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ya jiƙe da gumi, yana ta taka totur, tayoyin baya na feshin baƙar laka suna ƙara haƙa wa kansu rami.

Direbanmu ya sauka ya leƙa ta taga. Ya ce, "Sannu samari. Ɗaga ƙafarka tukuna."

Yaron ya ce, "Baba, na sa taimako tun ɗazu, ta ƙi ja."

Dattijon ya nuna masa allo da yatsa. Maɓalli yana kan L4, amma fitilar tana ta ƙiftawa. Watau motar ba ta shiga L4 ba ko kaɗan, domin ba a shiga wannan mataki sai mota ta tsaya cik, an taka kuloci har ƙasa, in kuwa mai canja giya da kanta ce sai an sa ta a firi. Yaron ya murɗa maɓallin ne taya na wulwulawa, na'urar ta ƙi karɓa, ta yi ta gaya masa da fitila, shi kuwa ya ɗauka ƙiftawar ita ce alamar aiki. Aka mai da maɓallin baya, aka taka kuloci, aka sāke murɗawa, aka ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin mota, fitila ta tsaya.

Duk da haka ba ta fita ba, a nan ne kuma darasi na biyu ya zo. Giyoyin tsakiyar aksil, waɗanda ke taimako a kwana, su ne ke cin amanar mota a laka, domin ƙarfi yakan gudu ne zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa. Sai ka ga tayar da ke cikin ruwa tana ta gudu, wadda ke kan ƙasa mai tauri tana tsaye. Mota mai jan taya huɗu tana iya kafewa da taya ɗaya a gaba, ɗaya a baya suna juyawa a banza. Maganin wannan wani maɓalli ne dabam, mai hoton tayoyi da alamar X a tsakanin na baya, wanda ke kulle aksil ɗin baya, tayoyin biyu su juya tare ko suna so ko ba sa so. Motar yaron tana da shi, bai taɓa sanin amfaninsa ba. Da aka danna, sai ga fitilar ABS da wata mai hoton mota a kan layuka masu lanƙwasa sun kama tare, yaron ya zabura yana cewa an lalata wa maigidansa mota. Dattijon ya kwantar masa da hankali. A irin waɗannan motoci, in an kulle aksil, na'urar hana tayoyi daskarewa a birki da ta hana zamewa sukan janye da gangan, fitilun suna sanarwa ne kurum, da an buɗe makullin za su mutu. Sharaɗin makullin shi ne kada a wuce gudun kilomita 8 a awa, kuma a buɗe shi da zarar an fita, in ba haka ba mota ba za ta yarda ta sha kwana ba.

Aka sauke buhu goma sha biyu, matan suka yi ta jidarsu a kā zuwa tudu, aka kwashe lakar da ke gaban tayoyi da fartanya, aka jera rassan itace. Dattijon ya shiga da kansa, ya sa giya ta biyu, ya taɓa totur kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron tashin jariri. Motar ta yi nishi, ta girgiza, ta fito. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. An gama mai da buhu na ƙarshe an ja tamfol ke nan ruwa ya tsuge.

A ganina yaron nan ba shi da laifin da ya wuce na lodi. An koya masa tuƙi kamar yadda ake koya wa kowa a ƙasar nan, giya da birki da ribas, a hannun maigidan da shi ma a motar da ba ta da maɓalli ya koya. Mota ta sauya, koyarwa ba ta sauya ba. Alamun da ke allon a-kori-kura ta yau sun haura ashirin, waɗanda suka shafi rai da dukiya kuwa ba su fi goma ba. Ƙungiyoyin direbobi da makarantun koyon tuƙi da masu sayar da motoci za su iya buga su a takarda guda, da hoto da bayani cikin Hausa, wadda ita ce harshen tasha da kasuwa daga Kachia har Gwantu, a manna a kowace tasha. Kuɗin wannan bai kai na giyabos ɗaya ba.

Ruwan ya cika wani rafi da ke gabanmu, muka jira ya ja. Direban ya karyo kara ya shiga da ƙafa ya auna zurfi, ya duba ƙarfin igiyar ruwan, ya taka ƙasan ya ji ko yashi ne ko dutse. Kamfanin Toyota ya ce Hilux ta zamani tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, amma wannan lissafi na ruwa ne mai kwance, ba rafin da ke gangarowa daga dutse da itace a bakinsa ba. In ruwa ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, injin gas ba ya gafartawa, sandunan cikinsa ne ke lanƙwashewa. Muka ratsa a L4, a hankali, ba tare da canja giya a tsakiya ba, da muka fita ya riƙa taɓa birki a kai a kai don ya bushe. Ya kuma nuna mini wata fitila da ya ce masu motar gas su riƙa lura da ita a damina, wadda ke nuna ruwa ya taru a ƙarƙashin filtar mai. Gas ɗin da ake saye a jarka a ƙauyuka yakan zo da ruwa, kuma zubar da shi aikin minti biyar ne, ƙyale shi kuwa yana kashe famfon mai da nozul.

Da safe muka shiga Nok, ɗan ƙauye ne na mutanen Ham kusa da Kwoi, a cikin duwatsu da kogwanni. A nan ne masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a 1928. Wajen shekara goma sha biyar bayan haka aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan da aka samu a ƙasar Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa don korar tsuntsaye, ya lura da kamannin da ke tsakaninsu, ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen. Shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ya nuna mutanen Nok sun zauna a wannan yanki tun wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, suna noman gero da wake, daga baya suka iya narkar da ƙarfe. Masu tonon sata sun kwashe da yawa daga cikin gumakan sun sayar a ƙasashen waje. Akwai ƙaramin gidan tarihi a ƙauyen, da wasu rumbunan ƙasa a cikin kogo waɗanda sai an hau dutse da ƙafa ake kai gare su.

Da muka fito daga Nok muka kai bakin kwalta, direban ya mai da maɓalli H2, amma koriyar fitilar ta ci gaba da ƙiftawa. Bai damu ba. Ya ce ƙarfen ya ɗan ɗaure ne saboda tsakuwar da muka taka a ƙarshen hanya, haƙoran sun matse juna sun kasa saki. Ya miƙe sitiyari, ya sa ribas, ya ja baya kamar taku goma, aka ji ƙas, fitilar ta mutu. Muka hau kwalta muka nufi Kachia.